Baje Kolin Kimiyya Da Ƙere-Ƙere A Abijan: Ina 'Ya'yanmu?

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Yaron da ya shekara yana sauraron malami na bayanin yadda wutar lantarki ke bin waya, ba daidai yake da wanda ya haɗa batir da waya da ɗan ƙwan fitila da hannunsa har ya ga haske ya kama ba. Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka ɗauki al'adar shirya bukin baje kolin kimiyya da ƙere-ƙere, inda 'yan makaranta da masu koyon sana'a kan fito da abin da suka ƙera ko suka bincika, su ɗora bisa tebur, jama'a su zo su kashe kwarkwatar ido, alƙalai kuma su yi musu tambayoyi.

A nan Abijan ma ana yin irin waɗannan tarurruka, wasunsu kuwa a wurin da mutumin Belbil zai iya zuwa a ƙasa ba tare da ya hau waro-waro ba. Sai dai duk wanda ya saba leƙa su ya san ba kasafai yakan ci karo da 'ya'yan Hausawa a bayan tebur ba, alhali kuwa a kasuwannin Ajame da Tireshbil ba a taku goma ba a ji Hausa ba. Wannan shi ne abin da muka ga ya kamata mu tsaya mu duba a wannan wata.

Mene Ne Baje Kolin Kimiyya?

Mai karatu kada ya ɗauka cewa wasan yara ne na haɗa motar gwangwani, ko da yake daga nan ne da yawa suka faro. Abin da ake bukata ga yaro shi ne ya ɗauko wata tambaya da ke damunsa, ya yi hasashen amsarta, sa'an nan ya gwada, ya auna, ya rubuta abin da ya samu ko da ya saɓa wa hasashensa. In kuwa ƙira ce, sai ya nuna matsalar da yake son magancewa, da zanen da ya fara yi, da sau nawa abin ya ƙi kafin ya yi aiki. Ranar buki sai ya tsaya gaban alƙalai, waɗanda galibi malamai ne da injiniyoyi, ya yi bayani da bakinsa.

A nan ne bambancinsa da jarrabawa yake. A jarrabawa ana iya hardace amsa, ko a leƙa takardar maƙwabci. A baje koli kuwa, in wani ne ya yi wa yaro aikin, tambaya biyu ta isa ta tona asiri. Bugu da ƙari, yaron da Faransancinsa bai nuna ba, wanda kullum yake ƙarshen aji a darasin rubutu, sau da yawa a nan ne ake gane cewa Allah ya yi masa baiwa a hannu da ƙwaƙwalwa.

Abin ya daɗe a duniya. A Amurka an yi bukin farko na ƙasa baki ɗaya a birnin Filadelfiya cikin 1950, wanda daga baya ya bunƙasa ya zama na duniya, inda ɗalibai fiye da 1,500 daga ƙasashe sama da 60 kan haɗu kowace shekara. Afirka ta Kudu ta fara nata a 1980. Faransa tana da makon bukin kimiyya tun farkon shekarun 1990, lokacin da ake buɗe ɗakunan bincike domin kowa ya shiga ya gani. A maƙwabciyarmu Gana kuwa, a birnin Akara aka yi taron farko na Maker Faire Africa cikin 2009, inda aka gayyato har da maƙera da masu walda na bakin titi, kafin a kai shi Nairobi a 2010, Alƙahira a 2011, da Ikko a 2012.

Abin Da Ke Ƙofar Gidanmu

Bari mu fara da Tireshbil. Fadar Al'adu da ke bakin ruwa, wadda aka buɗe a 1999, yawancinmu mun san ta ne da wasan mawaƙa. Amma a can aka gudanar da wasu zagaye na Africa Web Festival, wato taron da Madam Mariam Sy Diawara ta ƙirƙiro a 2014 domin matasa masu aikin kwamfuta da intanet su nuna abin da suka haɗa. Har wa yau a Tireshbil, a kan titin Boulevard de Marseille, akwai babbar makarantar ESATIC da gwamnati ta kafa a 2012 domin horar da injiniyoyin sadarwa da kwamfuta. Ɗalibanta kan yi gasar da ake kira hakaton, inda ake raba su rukuni-rukuni, a ba su matsala, su kwana suna neman maganinta a kan na'ura.

A Abobo kuwa akwai Baby Lab, wani ɗakin ƙere-ƙere da wani matashi mai suna Guiako Obin ya kafa tare da abokansa a 2014. Sun yi suna ne wajen koya wa yaran unguwa haɗa kwamfutar da ake kira Jerry. Yadda ake yi shi ne, a tsinto kayan cikin tsofaffin kwamfutocin da aka yar, a gwada waɗanda ke da sauran rai, a yanka jarka ta roba mai cin lita 20, a ɗaure su a ciki, a huda mata ƙofofin shan iska, sa'an nan a sa mata manhajar Linux wadda ba a biyan ko dala ɗaya kafin a yi amfani da ita. Tunanin ya faro ne daga Faransa a 2011, amma a ƙasashenmu ne ya sami karɓuwa sosai, domin a nan ne jarka da tarkacen na'urori suka fi yawa. Yaron da ya taɓa haɗa irin wannan, tsoron na'ura ya fita daga ransa har abada.

Ta fannin lissafi kuma, Ƙungiyar Masana Lissafi ta Kwaddibuwa, wadda Farfesa Saliou Touré ya daɗe yana shugabanta, ta fara gasar Miss Mathématique a shekarar 2000. Kada sunan ya ruɗi iyaye. Ba gasar sarauniyar kyau ba ce, takarda da alƙalami ne kawai, kuma an shirya ta ne domin 'yan mata na ajin ƙarshe na kwaleji da na lise su daina gudun lissafi. Ƙungiyar tana kuma zaɓen waɗanda kan wakilci ƙasa a gasar lissafi ta nahiyar Afirka.

Sai kuma SARA, babban baje kolin noma da kiwo, wanda aka fara a 1997, aka farfaɗo da shi a 2015, kuma a 2023 aka yi shi a sabon filin baje koli na Porbuwe kusa da filin jirgin sama. Ga al'umma irin tamu, wadda cinikin shanu da albasa da goro ke hannunta, babu inda ya fi dacewa uba ya riƙe hannun ɗansa ya kai shi. A can zai ga injinan sarrafa rogo, da na busar da kayan gona, da famfunan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, ya kuma ga waɗanda suka ƙera su tsaye suna amsa tambaya.

Duk waɗannan hanyoyi suna ɓullewa ne wuri guda, wato manyan makarantu kamar Lycée Technique na Kokodi, da Lycée Scientifique na Yamusukuru, da jami'o'in Kokodi da Abobo-Ajame, da kuma uwa-uba INP-HB ta Yamusukuru, wadda aka kafa a 1996 ta hanyar haɗe manyan makarantu huɗu, inda ake yaye injiniyoyin ƙasar nan masu yawa.

Darasi Daga Gida

Wani zai ce ai wannan harka ta masu ƙasa ce, mu fatauci ya kawo mu. To, tarihin ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan magana ba.

Tun a ƙarni na 18 Katsina ta fitar da Malam Muhammadu ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen dara ta yadda kowane layi zai ba da jimla guda. Ya rasu a Alƙahira cikin 1741, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har gobe.

A Tasawa ta jihar Maraɗi aka haifi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo a 1929. Ya yi karatun kimiyyar fiziks a Faransa, ya dawo ya sadaukar da rayuwarsa kan binciken hasken rana tun lokacin da mutane ke ganin abin kamar almara. Daga 1969 ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, wato ONERSOL, inda aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa da na tace shi da murhun girki masu aiki da rana. Ya kuma riƙe shugabancin Jami'ar Yamai daga 1979. Littafinsa na 1964 kan ilmi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu na gida. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar tana ɗauke da sunansa.

A Jihar Kano kuwa, ganin ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar ya sa gwamnati ta kafa hukumar makarantun kimiyya a 1977, ta buɗe biyu na kwana a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka ƙara ta 'yan mata a Taura. Da jarrabawa ake shiga, ba da sanayya ba, kuma 'ya'yan manoma da 'yan tireda ne suka cika su. Duk wanda ya shiga asibitocin Kano a yau zai tarar da yayayyun waɗannan makarantu. An kuma baza ƙungiyoyin JETS a makarantun Nijeriya, wato na ƙananan injiniyoyi da masana kimiyya, masu yin gasa tun daga makaranta zuwa jiha har ƙasa baki ɗaya.

Misalin da ya fi kusa da rayuwarmu shi ne na marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa. Ya lura da yadda kayan miya ke ruɓewa a ƙauyukan da babu lantarki, sai ya sa tukunyar ƙasa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yashin kan tsattsafo ta jikin babbar tukunya iska ta kwashe shi, yana tafiya yana jan zafin da ke ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Da wannan dabara gautan da kan lalace cikin kwana uku ya riƙa kai kusan wata guda. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Babu abin da ya shigo da shi daga waje. Abin da ya ƙara a kan hikimar kakanninmu shi ne gwaji da aunawa da lissafin kwanaki.

Haka nan Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya taso da zanen motoci a takarda. Ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya sami tallafin jiharsa zuwa birnin Ditiroyit na Amurka, kuma shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya. A wannan shekara ta 2007 ne kuma jaridun duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen babur.

Me Ke Hana Mu?

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Iyayen da ke cire yaro daga lakwal su kai shi rumfa ba mahaukata ba ne. Sun ga masu digiri suna yawo da takardu a hammata, sun kuma ga yaron shago ya tara jari cikin shekara biyar har ya yi aure. Kasuwa tana biya yau, karatun injiniya kuwa sai bayan shekara biyar a kan BAC. Ga kuɗin haya, ga na aikawa gida.

Amma ya kamata mu dubi yadda kasuwar kanta ke sauyawa. Kuɗi ya koma cikin wayar hannu, kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa da kwamfuta ake bin sawunsu, motocin zamani kuma sai an jona musu na'ura kafin makaniki ya san ciwonsu. Ɗan kasuwar da ba shi da wani nasa mai wannan ilmi, kullum a hannun wasu zai kasance, su faɗa masa farashi ya biya. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen ƙasar nan sun haura miliyan 29, kuma kashi uku cikin huɗu ba su kai shekara 35 ba. Da waɗannan ne 'ya'yanmu za su yi gogayya.

Abu na biyu shi ne takardu. Tun 2015 doka ta wajabta karatu ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16, amma yaron da ba shi da takardar haihuwa yakan gamu da cikas idan lokacin jarrabawa ya zo. Doka ta ba da wata uku a kai rahoton haihuwa ofishin magajin gari. Wanda ya bari lokacin ya wuce, sai ya bi ta kotu, da wahala da kashe kuɗi. Sakacin kwana ɗaya yakan rufe wa yaro ƙofa ta shekara ashirin. Wanda kuma takardunsa na Nijar ne ko Nijeriya, kada ya ce karatun ba shi da amfani, domin lissafi ba ya tsayawa a bakin iyaka. Ga Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ga ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ga ta Ahmadu Bello a Zariya, duk suna da sassan kimiyya.

Na uku, yawancin iyaye ba su san inda hanya ke rabuwa ba. Bayan jarrabawar BEPC ne ake karkasa yara, wasu zuwa ajin adabi, wasu zuwa na kimiyya, wasu makarantun fasaha, kuma makin lissafi da fiziks na da nauyi ƙwarai a wannan rabo. Yaron da ya saki lissafi tun ajin farko na kwaleji, da wuya ya ga BAC na rukunin C ko D ko E, waɗanda su ne mabuɗin makarantun injiniya da likita. Ke nan sha'awar kimiyya tilas ta shiga ransa tun yana ɗan shekara 11 ko 12. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ne amfanin baje koli yake.

Na huɗu shi ne tsoron kada boko ya raba yaro da addininsa. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma shi ya sa makarantun Islamiyya masu haɗa karatun gwamnati da na addini suka yawaita a unguwanninmu. Sai dai a tuna cewa malamin da ke rabon gado lissafin kaso yake yi, mai fitar da lokutan salla kuma tafiyar rana yake bi. Kalmar aljabara ma daga littafin al-Khwarizmi na Bagadaza ta fito, tun ƙarni na 9.

Game da 'yan mata kuwa, su ne suka fi cutuwa, domin talla da aikin gida kan cinye lokacin bitarsu. Abin mamaki, mu ne kuma kan fi kowa neman likita mace idan muka kai iyali asibiti. In kowa ya hana 'yarsa, daga ina za ta fito?

Hannu Akwai, Rubutu Ne Babu

Duk wanda ya zaga wajen masu gyaran wayar hannu a Ajame, ko garejin makanikai, ko rumfunan masu naɗin janareta da fanka, zai ga samarinmu suna aikin da zai ba injiniya mamaki. Akwai wanda bai gama firamare ba, amma yana cire ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba daga cikin waya ya dasa wata. Abin da ya rage masa shi ne sanin dalili, da aunawa, da rubutawa. Mai gyara yana mai da abu yadda yake a da, mai ƙira kuwa yakan tambayi me ya sa ya lalace, da yadda za a yi wanda ya fi shi.

A birnin Lome na Togo, a wani ɗakin ƙere-ƙere mai suna WoeLab, Afate Gnikou ya haɗa na'urar buga abubuwa masu jiki daga tarkacen kwamfuta da firinta a 2013, labarinsa ya zaga duniya. Tarkacen da ya yi aiki da su ba su fi waɗanda ke zube a Ajame ba. Ya sami wurin da zai nuna ne, da mutanen da za su gani.

Ya kamata kuma masu ƙira su san cewa akwai hukumar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda ta haɗa ƙasashe 17 har da Kwaddibuwa da Nijar, da ofishin OIPI a nan Abijan, inda ake rajistar sabuwar ƙira domin kada wani ya kwashe ta. Wanda ya ga ya ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba, ya nemi shawararsu kafin ya baje shi a bainar jama'a.

In Da Za Mu Shirya Namu

Zuwa kallon na wasu yana da kyau, amma babu abin da zai hana ƙungiyoyinmu na Belbil da Ajame su shirya ɗan ƙarami na unguwa. Al'ummar da ke iya tara kuɗin Mauludi da na tarbar baƙi ba za ta kasa hayar rumfa da tebur ashirin na yini guda ba. Ga yadda muke ganin za a iya bi.

Da farko a kafa kwamiti ƙarami wanda ya haɗa malamin lissafi ko kimiyya, da malamin Islamiyya, da ubangidan gareji ko mai gyaran lantarki, da uwa guda ko biyu, da wakilin sarkin Hausawa. A nemi izinin ofishin magajin gari da na shugabannin makarantu. A zaɓi lokacin da ba na jarrabawa ba kuma ba na manyan ruwan Mayu zuwa Yuli ba. A sanar da yara wata uku kafin ranar, domin gwaji na son lokaci.

A raba masu shiga gida uku: 'yan firamare da Islamiyya, 'yan kwaleji da lise, sai masu koyon sana'a. A ƙayyade kuɗin da za a kashe kan kowane aiki, misali kada ya wuce jika biyar, domin kada ɗan mai kuɗi ya sayo nasara daga kanti. Kowane rukuni ya riƙe littafin da yake rubuta abin da ya yi kullum, da kwanan wata. A bar yaro ya yi bayani da Hausa sa'an nan ya maimaita da Faransanci, saboda kakarsa ta fahimta, alƙali ma ya fahimta.

Tambayoyin kuwa daga rayuwarmu za su fito. Ga misali, albasar Galmi da ke shigowa Abijan takan ruɓe saboda laima. Yara su auna kilo goma-goma, kashi ɗaya a buhu a ƙasa, ɗaya bisa katako mai shan iska, ɗaya a rataye, su riƙa aunawa duk mako su ga wanda ya fi asara. Wasu su gwada tukunyar Malam Bah Abba a nan bakin teku, su auna zafin ciki da na waje safe da rana. Za su tarar ba ta sanyi kamar a Jigawa ko Maraɗi, domin iskar Abijan ta riga ta ƙoshi da ruwa, kuma gano dalilin haka shi ne kimiyyar. 'Ya'yan masu tsire da cukuya su auna gawayin da buɗaɗɗen murhu ke ci da wanda aka kewaye da laka. Wasu su ƙera ƙararrawar ambaliya da gorar roba da batir, wadda za ta yi ƙara in ruwan kwata ya kai wani matsayi, domin ba mu manta da ruwan watan Yuni na 2018 ba, wanda ya hallaka mutane kusan 20 a Abijan. 'Yan Islamiyya kuma su zana siffar wata kowane dare har wata biyu, su fito da dalilin da ya sa shekarar Musulunci ke da kwana 354, azumi kuma ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara.

Tilas a kiyaye lafiya. Kada a bar yaro ya taɓa wutar gida, batir ya ishe shi. Kada a ƙona roba ko a fasa tsohon batir, kuma ruwan da aka tace da yashi da gawayi na nuni ne, ba na sha ba sai an tafasa.

Alƙalai su fito daga waje, kamar ɗaliban ESATIC ko na jami'a ko mutanen Baby Lab, domin kada a ce an yi son kai. Kyauta kuma ta zama abin aiki: ma'aunin lantarki, akwatin sukundireba, littattafai, ko biyan kuɗin makaranta na shekara. Kowane yaro ya tafi da takardar shaida. Abu mafi muhimmanci shi ne abin da zai biyo baya. Buki na yini guda ba ya yin injiniya. A samu wani babba da zai riƙa bin waɗanda suka nuna hazaƙa, ya duba makinsu, ya kai su manyan gasa, ya kuma zauna da iyayensu idan aka fara maganar cire su daga makaranta. Attajiranmu da ke neman sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe.

Kira Ga Iyaye

Birnin nan yana canzawa a kan idonmu. An buɗe gadar Henri Konan Bédié a 2014, ta Alassane Ouattara a 2023, ta huɗu da ta haɗa Yofugon da Ajame a farkon 2024. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2017, zai ratsa Ajame da Tireshbil a kan hanyarsa ta kusan kilomita 37 daga Anyama zuwa Porbuwe. Madatsar ruwa ta Subure ta fara ba da wuta a 2017, tashar hasken rana ta Bunjali kuma aka buɗe ta a 2024. Duk waɗannan suna bukatar masu kula da su na shekaru hamsin masu zuwa, kuma waɗanda za su yi wannan aiki yanzu haka suna ajin firamare.

Kakanninmu sun zo ƙasar nan da ƙafa da jaki, suka kafa zango, suka yi suna a kan amana da juriya, har abincin da ya fi kowane farin jini a Abijan ana kiransa da sunan Garba. Abin da ya rage wa wannan zamani shi ne a ji sunayen 'ya'yanmu a jerin waɗanda suka zana gada da waɗanda suka haɗa na'ura. Saboda haka duk uban da ya ji an sanar da wani baje koli a Fadar Al'adu ko a Porbuwe, ya rufe rumfa na rabin yini ya kai yaransa, maza da mata. Duk uwar da ta ga ɗanta ya kwance rediyo, kafin ta ɗauko bulala ta tambaye shi abin da ya gani a ciki. Shugabannin ƙungiyoyi kuma muna fatan za su sa wannan batu cikin ajandar taronsu na gaba, kuma wannan shafi a buɗe yake ga duk wanda ya fara, domin mu sanar da jama'a rana da wuri.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilmi mai amfani, amin.